Ranar da Mai Wanki Ta Zauna a Kan Akwati

Akwai wata mata mai wanki da ake kira Inna Ba-Ragi. Halinta ne ya ja mata sunan. In ta yanke magana, ko wuni za ka yi kana roƙo ba ta saukowa.

Shekara goma sha ɗaya tana wanke kayan wata ƙungiyar ƙwallon kwando, irin ta ƙwararrun nan da ake nunawa a talabijin. Ba ta yi karatu ba, lambobi kaɗai ta sani. Amma ko ka cire lambar, da ta ɗaga riga ta san mai ita. Ta san wanda ke share hanci da wuyan riga, ta san wanda guminsa ke barin farin gishiri a gadon baya.

Mijinta shi ne direban motar ƙungiyar. Annobar nan da ta rufe duniya ce ta ɗauke shi tun a watannin farko. Kwana shida yana cewa mura ce. Kullum da safe tana yaye zanin gadonsa sharkaf da gumi, tana kuma yarda da maganarsa. Rana ta bakwai aka kai shi asibiti. Ba a bar ta ta shiga ba, shi kuma bai fito ba.

Mu da muka binne mazajenmu mun san irin wannan. Akwai abin da in ka gani sau ɗaya, ba ka sake buƙatar a faɗa maka.

Bayan wata bakwai ba a taɓa ƙwallo ba, sai hukumar gasa ta ce a dawo a ƙarasa, alhali cutar ba ta tafi ba. Aka tara 'yan wasa a wani otal kusa da zauren wasa. Ba shiga, ba fita, ba 'yan kallo. Kowace Litinin a yi wa kowa gwaji. Kowace safiya kuma mai gadi ya tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci da na'urar auna zafin jiki, wadda yaran suke kira 'yar bindiga. Ya saita maka a goshi. In ta nuna kore ka wuce, in ta nuna ja a kai ka gwaji nan take.

Da aka kira Inna ta dawo aiki, sai da ta gindaya sharuɗɗa. Ɗakin wanki mai taga, safar hannu, kuma kowane ɗan wasa da jakar wankinsa mai lambarsa, kada a sake tara mata kayan ƙarti goma sha biyu a baho ɗaya. Aka ja, aka ja, aka ba ta.

Kyaftin ɗin ƙungiyar shi ne wani da ake kira Tsani, saboda tsawonsa. In zai shiga ɗakin wanki sai ya rusuna kamar mai gaida surukai. Shekarunsa talatin da huɗu, gwiwarsa ta hagu ta gaji, matarsa kuma na gida da cikin fari bayan doguwar jira. Mutum ne mai kirki, aibinsa ɗaya: hanci.

Ba ranar da zai karɓi tawul bai yi mita ba.

"Haba Inna! Wannan tawul ne ko bandakin asibiti? Warin bilic ɗin nan da kike zubawa a wanki zai kashe ni kafin cutar ta iso."

"Gara warina da naka," in ji ta. "Jiya da na buɗe jakarka sai da ƙudaje suka nemi taga."

"A ɗan rage mana, Inna."

"Ba ragi."

Haka suke yi kullum, har sauran yaran sun haddace, suna amsa mata tare.

Ƙungiyar ta yi ta cin wasa har ta kai na kusa da na ƙarshe. Aka sa shi ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma.

Ranar Laraba da safe, Inna ta ɗaga jaka mai lamba tara, ta Tsani, ta ji ta yi nauyi. Ta buɗe. Zanin gado ne jiƙe, har da rigar matashi. Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce a ranta wataƙila na'urar sanyin ɗakinsa ce ta lalace.

Ranar Alhamis ma haka. Ga kuma wani abu. Ɗan ƙaramin tawul ɗin da yake naɗe ƙanƙara yana ɗorawa a gwiwa, da yamma yake zuwa mata, bayan atisaye. Yanzu sai ga shi a jakar safe, da sauran sanyinsa. Wa ke sa ƙanƙara a gwiwa tun bai yi gudu ba?

Da ya zo karɓar kaya da rana, ya ɗauki tawul ya rataya a wuya, ya ce na gode, ya juya. Bai ce komai a kan wari ba.

Ranar Juma'a Inna ta bar injin yana juyi, ta je ta laɓe a bayan tulin kujeru kusa da matakala. Sai ga Tsani ya sauko. Ya duba hagu, ya duba dama, ya fito da ƙanƙara a naɗe ya danna a goshi. Ya jima haka, idonsa a rufe, ya jingina da bango. Sannan ya goge goshin tas, ya miƙe ƙirji, ya nufi mai gadi yana murmushi.

'Yar bindiga ta nuna kore.

Ta aika a kira mata shi filin shanya, can bayan otal inda iska ke kaɗawa. Kafin ya zo ta tsoma tawul a bilic tsantsa, wanda ko ta cikin takunkumi yana sa ta hawaye. Ta rataya shi a igiya, ta ja da baya.

"Tsaya nan, kada ka matso. Sansana min wancan. Sabon sabulu aka kawo, mai ƙamshin lemo."

Ya sauke takunkumi, ya kai hanci, ya shaƙa sosai.

"Kai, Inna, yau kin kyauta. Wannan ai shi ne sabulu."

Ta zuba masa ido. Shi ma ya kalle ta, ya kalli idonta da ya yi ja, ya kalli tawul ɗin. Sai ya gane. Ya mayar da takunkumi a hankali, ya zauna a kan bokitin da aka kifa.

"Kwana nawa?" ta tambaya.

"Uku. Mura ce kawai, Inna."

"Kada ka sake faɗa min wannan kalmar. Na taɓa jin ta."

"Inna, ki ji ni. Gobe kaɗai. Litinin ai za a yi gwaji, ni da kaina zan fara miƙa hanci. In aka kama ni yau, killace ni za a yi, wataƙila da rabin yaran nan. Wata bakwai suna zaune a gida. Ni kuma gwiwar nan ba za ta sake kawo ni nan ba. Ina shan maganin zazzaɓi, ina iya gudu."

"Hawa matakala fa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ƙirjina na ɗan bugawa. Kaɗan."

"Je ka gaya wa Likita."

"Ba zan iya ba. Don girman Allah ki rufa min asiri."

"Sunanka ba zai fita daga bakina ba, wannan na ba ka. Amma ba za ka shiga filin nan gobe da wannan ƙirjin ba. Wannan kuma ba ragi. Koma ɗaki, ka daina cin abinci cikin mutane."

Daga nan ta wuce wurin Likitar ƙungiya, wata yarinya mai hankali amma mai tsoron manya. Inna ta ce a yi wa kowa gwaji yau. Likita ta ce ita ma hankalinta bai kwanta da gwajin mako-mako ba, sai dai in ba 'yar bindiga ce ta nuna ja ba, gwajin gaggawa sai Mai Kulob, wato mamallakin ƙungiyar, ya sa hannu, don dole a sanar da hukuma.

Suka tafi tare. Suka tarar da Mai Kulob a falon otal, waya biyu a gabansa, yana ba da umarnin inda za a kafa kyamarori. Ya saurari Inna da rabin kunne.

"Wa ke da ciwo?"

"Yallaɓai, ni wanki nake yi, ba tonon asiri ba. A gwada kowa."

"To da me kika gane? Na'ura ta ce lafiya, takardar Litinin ta ce lafiya. Ga ta nan, karanta." Ya tura mata takardar. Sannan ya yi dariya. "Au, na manta. Digirinki a kumfa kika yi shi."

Na kusa da shi suka taya shi dariya. Likita ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Gobe ƙarfe goma ina son riguna a goge, a jere. Je ki."

Inna ta ce, "To, Yallaɓai." Ta fita.

Jama'a, duk wanda ya san Inna ya san wannan "to" ɗin ba na alheri ba ne.

A dokar gasar, ƙungiya ba ta shiga fili sai da rigunanta na wasa masu lamba da suna, waɗanda hukuma ta yi wa rajista. Kala biyu ne, fari da shuɗi. Duka suna hannun Inna.

Asabar da safe ta goge su tsaf, ta ninke, ta jera a babban akwatin ƙarfe da ake tafiya da shi. Ta sa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zani. Ta ja akwatin da kanta har tsakiyar filin shanya. Ta hau ta zauna, ta gyara takunkumi, ta harɗe hannu.

Ƙarfe goma Koci ya zo karɓar riguna.

"Inna, ina kaya?"

"Ga su nan ƙarƙashina, lafiya lau."

"To tashi mana."

"A yi gwaji, in tashi."

Kafin ƙarfe goma da rabi duk 'yan wasa sun fito. Inna ta sa suka tsaya nesa da juna, kowa a gindin sandar shanya. Wani da ake kira Gajere, wanda shi ma sai ya rusuna a ƙofa amma shi ne mafi gajarta a cikinsu, ya ce, "Koci, ka sa Inna a tsaron baya yau. Wallahi ba mai wuce ta."

Aka yi dariya. Tsani na can ƙarshe, jingine da bango, bai yi ba.

Sai ga Mai Kulob, yana tafe yana huci.

"Ke! Kin san abin da kike yi?"

"Zama nake yi, Yallaɓai."

Ya ga idon yara a kansa, sai ya sassauta murya. Ya ce to, ya ji, za a yi gwaji gobe Lahadi da sassafe, ba sai Litinin ba.

"Yau."

"To yau, da an tashi daga wasa."

"Kafin wasa."

"A gwada mutum uku, ki zaɓa da kanki."

Inna ta gane tarkon. In ta zaɓa, ta nuna.

"Goma sha biyu. Da Koci. Da ni. Da kai ma, tunda jiya na ga kana rungumar su."

"Zan sa a saya miki sabon injin busarwa, wanda kike ta naci a kai."

"Ina so. Ka saya. Amma ba na wannan cinikin ba ne."

Nan fa ya fashe. "Na kore ki! Daga yanzu ba kya aiki a nan!"

"Na ji. Korarriya ce zaune a kan akwatinka."

Gajere ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Mai Kulob ya kira mai gadi, ya ce ya ɗaga ta. Mai gadi ya matso taku biyu ya tsaya. Mutumin nan mijin Inna ne ya samo masa aikin.

"Yallaɓai, sa'ar uwata ce."

"Ka ɗaga ta ko kai ma ka bi ta!"

Inna ta dubi mai gadin ta ce, "Zo ɗana, kada ka rasa abincinka saboda ni. Amma ka ɗaga da kyau, ina da nauyi." Sannan ta juya ga Mai Kulob, muryarta ba wasa a ciki. "Yallaɓai, shekara goma sha tara mijina yana tuƙa yaranka, bai taɓa kifar da ko ɗaya ba. Ni na wanke zanin da ya yi jinya a kai. Ban iya karanta takardarka ba, gaskiyarka. Amma takardarka ta Litinin ce. Zanin gado na yau ne."

Mai gadi ya miƙa hannu, ya kama gefen mayafinta.

"Sake ta."

Tsani ne. Ya baro bango, ya tsaya a fili, nesa da kowa.

"A fara da ni. Kwana huɗu ke nan ina zazzaɓi. Ƙanƙara nake sa wa a goshi kafin in zo wurinka, mai gadi, ka yafe ni. Ba na jin wari, ba na jin ɗanɗano. Inna ta sani tun jiya, ta ƙi faɗar sunana." Ya dubi 'yan uwansa. "Na ce don ku nake yi. Ƙarya ne, har da don kaina. Ku yafe ni."

Likita ba ta jira kowa ba wannan karon. Ta ciro takardar neman gwaji daga aljihu, da ma tun jiya ta cike ta, ta miƙa wa Mai Kulob da biro. Ya sa hannu bai kalli kowa ba.

Inna ba ta sauka ba sai da aka zunguri hancin mutum na ƙarshe da tsinken gwaji. Sannan ta kwance makulli ta miƙa wa Koci, ta ɗauki jakarta ta bar otal ɗin, tunda an kore ta.

Mutum uku aka samu da cutar: Tsani, da abokin ɗakinsa, da wani da suke zama tebur ɗaya. Hukuma ta ɗage wasan da mako guda, aka sake gwada sauran har sau biyu. Suka shiga fili su tara, ba kyaftin. Suka yi iya yinsu, aka cinye su da maki huɗu.

Mai Kulob ya yi ta faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa wata jahilar mai wanki ta ja masa asarar kofi.

Bai daɗe yana faɗa ba. Da Tsani ya warke daga zazzaɓi, Likita ta dage sai an duba zuciyarsa kafin ya koma atisaye. Babban likitan zuciya ya duba hoton, ya sake dubawa, ya cire tabarau. Ya ce cutar ta taɓa naman zuciyar, ta kumbura. Ya tambayi Tsani ko ya yi wani aikin ƙarfi yana cikin zazzaɓin. Tsani ya ce saura awa shida ya buga wasa.

Likitan ya ce, "Je ka gode wa wanda ya hana ka. Irin wannan zuciyar, a tsakiyar fili take tsayawa."

Aka hana shi gudu wata shida. Yana cikin hutun matarsa ta haihu, mace. Shi ya fara ɗaukarta.

Labari ya kai hukuma. Aka binciko, ashe dabarar ƙanƙarar nan ba Tsani kaɗai ya san ta ba, ta zaga ƙungiyoyi. Aka daina dogara da 'yar bindiga, aka mayar da gwaji kafin kowane wasa, aka ce duk wanda ya yi cutar sai an duba zuciyarsa kafin ya taɓa ƙwallo.

Su kuwa yaran, sabon mai wankin da aka kawo bai yi mako biyu ba suka ce ba sa so. Ya haɗa fari da shuɗi, ya ba Gajere wandon Tsani. Suka ce ko Inna, ko su yi atisaye da kayan barci.

Haka Mai Kulob ya shiga mota, da Likita, da Koci, da Tsani, har ƙofar gidan Inna. Suka tarar tana shanya a tsakar gida. Ta ba su tabarma, ita ta zauna a kujera.

Mai Kulob ya yi gyaran murya sau uku kafin ya ce, "Inna, na yi kuskure. Ki dawo."

"Yau na zama Inna? To madalla. Ga nawa. Duk ranar da mai wanki, ko mai shara, ko mai dafa abinci ya ce a duba wani yaro, a duba shi, ba sai ka sa hannu ba. Kuma ba a korar wanda ya faɗa. A rubuta."

Ya rubuta a nan take, a kan gwiwarsa. Ya miƙa mata.

"Ka manta digirina? Karanta min. Da ƙarfi."

Ya karanta. Ta karɓi takardar ta miƙa wa Likita.

"Ke ma karanta, in ji ko bakinku zai zo ɗaya."

Likita ta karanta tana danne dariya. Ya zo ɗaya. Inna ta dangwala yatsa.

"Sai injin busarwa."

"Ai kin ce ba na wancan cinikin ba ne."

"Na wannan ne."

Da sabuwar kakar wasa ta zagayo, an buɗe ƙofa 'yan kallo sun dawo. Likitan zuciya ya sallami Tsani. Ranar wasansa na farko, minti goma kacal Koci ya ba shi, ya jefa ƙwallo uku a raga, zaure ya ɗauka da ihu. Matarsa na sama da jaririya a kafaɗa.

Da aka tashi bai tsaya wurin 'yan jarida ba. Ya bi ta baya, ya rusuna ya shiga ɗakin wanki yana ɗigar gumi. Inna na ninke kaya, ba ta ko ɗago ba, ta jefa masa tawul. Ya kai fuska. Sai ya yamutsa hanci, ya ja da baya.

"Haba Inna! Wannan warin bilic ɗin ai ya fi na da!"

Hannunta ya tsaya a kan rigar da take ninkewa. Wata tara ke nan rabon da ta ji wannan mitar. Ta ɗago ta dube shi tun daga ƙafa har inda kansa ya kusa taɓa silin.

"Ka ji shi?"

"Har cikin ƙwaƙwalwata. A ɗan rage mana."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce bilic ne ya shigar mata.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ba ragi."

Darasi: Wasa ana ɗage shi, kofi ana sake zuwa nema, amma rai in ya fita ba ya dawowa a kaka mai zuwa. In jikinka ya gaya maka ba lafiya, kada ka rufe masa baki don kunya ko don kada a rasa ka, domin kanka kake cuta da na kusa da kai. Kai kuma mai iko, kada ka raina maganar na ƙasa da kai don bai iya riƙe biro ba. In kuwa kai ne ka ga gaskiya a kan ran mutum, ka zauna a kanta daram, kada ka yi ragi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu cewa "mura ce kawai."